Babi na 6: 'Ya'yan Ƙanƙara: Yadda Ƙasar Cek Take Rainon Matasan 'Yan Hoki

Ranar 5 ga Janairun 2023, a birnin Halifax na ƙasar Kanada, samarin ƙasar Cek 'yan ajin ƙasa da shekara 20 suka fito wasan ƙarshe na gasar hokin ƙanƙara ta matasan duniya. Masu masaukin baƙi suka tarar a gabansu, filin kuma ya cika maƙil da magoya bayan Kanada. Har aka yi nisa a zango na uku Kanada na gaba da ci 2 da nema, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai Jiri Kulich ya rama ɗaya. Kafin 'yan kallo su gyara zama, Jakub Kos ya rama na biyun. Aka tafi ƙarin lokaci, a nan ne Dylan Guenther ya ci wa Kanada, aka tashi 3 da 2.

Azurfa yaran suka rataya, amma a gida an karɓe ta kamar zinare. Dalili kuwa, rabon ƙasar Cek da kowace irin lamba a wannan gasa tun 2005, shekara 18 ke nan. A ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan 11 ba, kuma suke kallon hoki a matsayin gadon gidansu, wannan dogon fari ya yi wa jama'a ciwo. Yaran da aka haifa a shekarar da aka ci lambar ƙarshe har sun kusa isa jefa ƙuri'a kafin a sake ganin wata.

Ga wanda bai saba da wasan ba, hoki ana yin sa ne a kan daskararriyar ƙanƙara. Kowane ɓangare na da mutum 6 a fili har da mai tsaron raga. Suna sanye da takalmin zamiya mai kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanda mai lanƙwasa. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya kai minti guda a fili sai a canza shi, ya huta, ya sake komawa. Wannan batu na yawan mintin da ake ba yaro a fili, mai karatu ya riƙe shi, domin a kansa ne labarin wannan babi yake juyawa.

Wasan da ya zama tuta

Mutanen yankin Bohemiya na ƙasar Cek ta yau suna cikin waɗanda suka shiga hukumar hoki ta duniya tun shekarar da aka kafa ta, 1908, kuma a 1911 suka ci kofin Turai. Ƙasa ce mai tafkunan kiwon kifi da yawa, musamman a kudancinta. Idan hunturu ya kankama sai tafkunan su daskare, yara su fito da sanduna su yi ta wasa har duhu ya kore su. A nan kakannin 'yan wasan yau suka koyi zamiya, babu koci, babu kuɗin shiga.

Siyasa ce ta ƙara wa wasan nauyi a zukatan mutane. Cekoslobakiya, wadda Cek take cikinta a lokacin, ta ci kofin duniya a 1947 da 1949, amma a 1950 gwamnatin kwaminis ta kama da dama daga cikin zakarun nan bisa zargin cin amanar ƙasa, ta ɗaure su. Mai tsaron raga Bohumil Modry aka yanke wa shekara 15. A watan Agustan 1968 tankokin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka shiga Prag. Watanni bakwai bayan haka, a gasar duniya ta 1969 a Stockholm, 'yan wasan Cekoslobakiya suka doke Sobiyet sau biyu, 2 da nema, sannan 4 da 3. Jama'a suka cika tituna da murna. Abin da ba su iya faɗa da baki ba, 'yan hoki sun faɗa musu a kan ƙanƙara. Shi ya sa Jaromir Jagr, wanda aka haifa a 1972, ya yi rayuwarsa ta wasa da lamba 68 a bayan rigarsa.

A zamanin kwaminis kusan kowane kulob yana jingine da wata masana'anta. Na Kladno yana ƙarƙashin kamfanin ƙarafa na Poldi, na Litvinov yana ƙarƙashin masana'antar sinadarai, na Pilsen yana tare da Skoda, na Pardubice yana tare da Tesla mai ƙera kayan lantarki. Masana'anta ke ɗaukar nauyin fili da kayan wasa da albashin koci. Makarantun firamare na da azuzuwan wasanni, inda ake tsara darasi yadda ba zai ci karo da atisaye ba. Idan saurayi ya isa aikin soja na dole, in ya iya wasa sai a tura shi kulob ɗin sojoji na Dukla Jihlava. Tsarin yana da zaluncinsa, domin ɗan wasa ba shi da ikon fita waje sai ya gudu, kamar yadda Petr Nedved ya yi a Calgary a 1989 yana ɗan shekara 17. Amma ɗan lebura da ɗan manaja ƙofa ɗaya suke bi su shiga fili.

Amfanin wannan shuka ya nuna a Nagano ta Japan a 1998, karon farko da aka bar ƙwararrun gasar NHL ta Amurka da Kanada suka shiga wasannin Olamfik. 'Yan Cek suka fitar da Amurka, suka fitar da Kanada a bugun daga kai sai mai tsaron gida bayan mai tsaron ragarsu Dominik Hasek ya hana dukkan bugu 5 shiga, sannan suka doke Rasha da ci 1 da nema, wanda Petr Svoboda ya ci. Kocinsu Ivan Hlinka ɗan kulob ɗin Litvinov ne. Haka ma kyaftin Vladimir Ruzicka, da Robert Reichel, da Martin Rucinsky, da Jiri Slegr, da Robert Lang, da Josef Beranek, da shi Svoboda. Ƙaramin gari guda na ma'aikatan sinadarai ya ba ƙasa ƙashin bayan tawagar da ta ci duniya. Daga nan sai kofin duniya sau uku a jere, 1999 da 2000 da 2001, matasa kuma suka ci zinare a 2000 da 2001.

Shekarun fari

Duk waɗannan zakaru an raine su ne a tsohon tsari. Lokacin da ake ta shagalin nasararsu, rijiyar da ta ba da ruwan ta fara ƙafewa, ba a lura ba.

Da farko dai, bayan faɗuwar kwaminisanci a 1989 masana'antu da yawa sun durƙushe ko sun shiga hannun 'yan kasuwa. Poldi ta Kladno tana cikin waɗanda suka rushe. Nauyin da masana'anta take ɗauka sai ya dawo kan iyaye da ƙananan hukumomi. Hoki kuwa wasa ne mai cin kuɗi. Yaro na buƙatar takalmi, hular kwano, safar hannu, garkuwar ƙirji da ta ƙwauri, kuma duk shekara ƙafarsa na ƙara girma. Sandar zamani ta fi ta katako sauƙin riƙo, amma ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma tana iya karyewa a bugu ɗaya. Ga kuɗin kulob, ga man mota zuwa wasannin ƙarshen mako, ga tashin asuba domin a wasu wuraren da sassafe kaɗai yara ke samun fili. Iyali da yawa sun duba aljihu sun kai ɗansu ƙwallon ƙafa, ko wani wasa mai kama da hoki da ake yi a daɓen ɗaki da sandar roba, wanda ya bazu ƙwarai a makarantun ƙasar.

Na biyu, yaran kansu sun ragu. A 1990 an haifi jarirai kimanin dubu 130 a yankin Cek. A 1999 ba su kai dubu 90 ba. Waɗannan ƙananan ajujuwa su ne suka isa shekarun gasar matasa a daidai lokacin da lambobin suka ɗauke. Hunturu ma ya rage tsanani, tafkin da a da yake daskarewa na tsawon makonni yanzu ba kowace shekara yake ɗaukar nauyin yaro ba. Wasan ya koma cikin gini, inda injin sanyi da wutar lantarki ke riƙe ƙanƙara, kowace awa kuma da farashinta.

Na uku, yadda ake koyarwa ya tsaya cik. Masu horar da yara da dama sun fi damuwa da cin wasan ranar Asabar a kan koya wa yaro sarrafa sanda da takalmi. Wanda ya riga sa'o'insa girman jiki shi ake ta sakawa, ƙaramin da basirarsa ba ta gama fitowa ba ya zauna a benci har ya gaji ya daina zuwa. An kuma daɗe ana ƙorafi a jaridun ƙasar cewa a wasu wuraren aljihun uba ko sanayyarsa na iya saya wa yaro gurbi. Ko ƙorafin ya yi yawa ko bai yi ba, ya isa ya sanyaya gwiwar mai ƙaramin ƙarfi.

A daidai wannan lokaci maƙwabta na arewa suka farka. Suwidin ta zauna ta sake tsarin rainon matasanta a farkon shekarun 2000. Finlan ta yi nata taron a 2009, ta mai da hankali kan koyar da kowane yaro gwaninta shi kaɗai, sai ga ta da zinaren matasa a 2014 da 2016 da 2019. 'Yan Cek suna kallo ƙasar da ba ta kai su yawan jama'a ba ta wuce su.

Alƙaluma sun nuna ramin. A wajajen 2000, yaran Cek da kulob-kulob na NHL ke ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekara-shekara sukan haura 20. A ƙarshen wannan goman akwai shekarun da ba su cika 5 ba. 'Yan Cek da ke taka leda a NHL, waɗanda a da suka haura 60, suka ragu da kusan rabi. Babbar tawagar ƙasa ta ci kofin duniya a 2010 da tsofaffin hannu irin su Jagr, ta samu tagulla a 2011 da 2012, daga nan shiru na shekara 10.

Gyara daga tushe

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan hukumar hoki ta ƙasar ta fara. A wajajen 2010 ta damƙa wa Slavomir Lener, wanda ya taimaka wa Hlinka a Nagano kuma ya yi aiki a Arewacin Amurka da Suwidin, jagorancin sashen horarwa. Aka ɓullo da tsarin makarantun horo, inda kulob ba ya samun wannan matsayi sai ya cika sharuɗɗa: ƙwararrun masu horarwa, isasshen lokacin fili, wurin kwana ga yaran da suka zo daga nesa, da haɗin gwiwa da makarantar sakandare yadda yaro ba zai jefar da littafi saboda sanda ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin cikin yaran da ke shiga makarantun horo 'yan ƙalilan ne za su ci abinci da hoki.

Ga ƙananan yara kuma aka ƙarfafa wasa a ƙaramin fili. Maimakon a saki 'yan shekara 7 a fili mai tsawon mita 60, inda yaro zai yi ta gudu bai taɓa faifai ba, sai a raba filin gida-gida, a yi wasa 'yan kaɗan da 'yan kaɗan. Kowa na taɓawa, kowa na yanke shawara cikin ƙunci da sauri. Hukumar ta kuma fito da Makon Hoki, inda filaye a faɗin ƙasar ke buɗe ƙofa yara su zo su gwada takalmi da sanda ba tare da iyaye sun sayi komai ba tukuna.

Alamar farko ta bayyana a 2014, lokacin da 'yan ƙasa da shekara 18 suka ci azurfa a gasar duniya a Finlan, da David Pastrnak da Jakub Vrana da Pavel Zacha a cikinsu. A 2016 kuma suka ɗauki kofin tunawa da Ivan Hlinka, gasar bazara ta 'yan ƙasa da 18 da aka sa wa sunansa bayan rasuwarsa a haɗarin mota a 2004. Amma ajin 'yan ƙasa da 20 ya ci gaba da tsayawa a hanya har zuwa Halifax.

Bayan Halifax sai ƙofa ta buɗe. A 2024 a Gothenburg, ƙarƙashin koci Patrik Augusta, suka fitar da Kanada a kwata fainal da ci 3 da 2. A wasan neman na uku Finlan ta yi gaba da 5 da 2, suka farke, suka ci 8 da 5. A 2025 a Ottawa, babban birnin Kanada, suka sake fitar da masu gida da ci 4 da 3, sannan suka karɓi tagulla daga hannun Suwidin bayan bugun daga kai sai mai tsaron gida da ya kai zagaye 14, wanda kyaftin Eduard Sale ya rufe. Abin da ya haɗa waɗannan tawagogi shi ne ba sa karaya idan an riga su ci. Wannan hali ba a ranar wasa ake samun sa ba, tarbiyya ce ta shekaru.

Hanyoyi uku a gaban ɗan shekara 17

Duk da haka, wurin da ya fi haɗari a rayuwar matashin ɗan hoki na Cek yana nan, wato tsakanin shekara 16 da 20. A nan ne wasan yara ke ƙarewa, na manya kuma bai buɗe masa ƙofa ba. Hanya uku ce a gabansa, kowace da ribarta da ƙayarta.

Ta farko ita ce zama a gida. Babbar gasar ƙasar, Extraliga, tana da kulob 14, irin su Sparta ta Prag, Kometa ta Brno, Trinec da Pardubice. Yaron da ya samu shiga yana gogayya da magidanta masu ƙarfi da wayo, yana kwana a ɗakinsa, yana cin abincin mahaifiyarsa. Tomas Hertl ya bi ta nan daga Slavia ta Prag. Martin Necas ya ci kofin ƙasa da Kometa a 2017 yana ɗan shekara 18. David Jiricek ya fito daga Pilsen, Kulich kuma daga Karlovy Vary. Matsalar ita ce koci a Extraliga kullum a tsorace yake. Kulob na iya faɗawa gasa ta ƙasa, shi kuma ana iya sallamarsa bayan 'yan wasanni marasa kyau. Mai irin wannan fargaba ya fi yarda da ɗan shekara 33 da ya san hanya a kan ɗan 18 da zai yi kuskure. Sai ka ga yaro mai baiwa ya sa riga, ya zauna a benci, ya shiga na minti 4 ko 5 a dukan wasan. Sunansa na cikin manya, amma ba ya ƙaruwa. Akwai tsarin da ke ba shi damar yi wa kulob na gasa ta biyu wasa a lokaci guda, kuma inda aka yi amfani da shi da gaskiya yana taimakawa.

Ta biyu ita ce arewa, Suwidin ko Finlan. Pastrnak, ɗan garin Havirov na masu haƙar kwal, ya tafi Sodertalje yana ɗan shekara 16, ba ya jin harshen mutanen. Yana can mahaifinsa ya rasu a 2013. Shekara guda bayan haka Boston ta ɗauke shi, kuma a kakar 2022 zuwa 2023 ya ci 61 a NHL. Vrana ya bi ta Linkoping. Mai tsaron raga Lukas Dostal ya goge a Ilves ta Tampere. A can akwai matakala a shimfiɗe daga ajin matasa zuwa na manya, kuma filin irin na gida ne. Sai dai gurbin baƙo kaɗan ne, kuma kulob ya fi son ɗan ƙasa idan gwaninta ta zo ɗaya.

Ta uku ita ce tsallaka teku zuwa gasannin matasa na Kanada da Amurka. Tun 1992 kulob-kulob na matasan Kanada ke zaɓar yaran Turai, kuma na tsawon shekaru kowanne baƙo 2 kawai aka yarda ya riƙe. A can yaro zai buga wasa kusan 68 a kaka, a fili mai faɗin mita 26 maimakon 30, inda ake yawan karo, kuma a gaban idon masu farautar 'yan wasa na NHL. Zai zauna a gidan wasu iyali da suka karɓe shi, ya koyi Turanci, ya saba da doguwar tafiyar bas cikin dusar ƙanƙara. David Krejci, Jakub Voracek da Ondrej Palat sun bi wannan hanya sun yi nasara. Wasu da yawa sun tafi suna 17, suka dawo suna 20, ba NHL, ba takardar makaranta, a gida kuma an manta da su. Yanzu an ƙara wani reshe, wato jami'o'in Amurka, inda mai tsaron raga Michael Hrabal ya tafi Massachusetts yana wasa yana karatu.

An daɗe ana jayayya a ƙasar kan wace hanya ta fi. Shugabannin kulob na cewa dillalai na ruɗar yara su fice da wuri. Iyaye da dillalai na cewa da ana ba yaran wasa a gida da ba su tafi ba. Idan aka duba tawagar Halifax za a ga amsar ba ta hannun ɓangare ɗaya. Kyaftin Stanislav Svozil daga Regina ta Kanada ya zo, mai tsaron raga Tomas Suchanek daga wani kulob na matasa a Amurka, Sale kuma daga Brno. Abin da ya raba wanda ya ci gaba da wanda ya tsaya shi ne ko ya samu koci da ya yarda da shi, ya bar shi a fili a lokacin da wasa ya yi zafi, ya yi kuskure ya gyara.

Lambar zaɓe da abin da ke bayanta

Kowace shekara kulob 32 na NHL na zaɓar samari 'yan shekara 18 zuwa sama, zagaye 7. A 'yan shekarun nan sunayen Cek sun dawo zagayen farko: David Jiricek na 6 da Kulich na 28 a 2022, Sale na 20 a 2023, Adam Jiricek, ƙanen David, na 16 a 2024, da Radim Mrtka, dogon ɗan baya, na 9 a 2025. Wannan abin farin ciki ne, amma tarihin ƙasar da kansa yana gargaɗi kada a yi saurin guɗa.

Patrik Stefan shi aka fara ɗauka a duk duniya a 1999. Raunuka suka bi shi, ya bar wasa tun bai kai shekara 30 ba. Filip Zadina ya zo na 6 a 2018 da babban suna, bai samu gindin zama a Detroit ba, a 2024 ya koma Turai, kulob ɗin Davos na Suwizalan. A ɗaya gefen, Hasek na 199 ne a 1983, ya zo ya ci kyautar mai tsaron raga mafi ƙwarewa a NHL sau 6. Palat na 208 ne a 2011, ana dab da rufe zaɓe, ya ɗaga kofin Stanley na NHL sau biyu da Tampa Bay. 'Yan wasa 24 aka ɗauka kafin Boston ta ɗauki Pastrnak. Su ma 'yan gidan Jiricek, kowannensu ya gamu da mummunan rauni a gwiwa a gasar matasa tun kafin a zaɓe shi. Lamba hasashe ce da manya ke yi a kan yaron da jikinsa da hankalinsa ba su gama nuna ba. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan wasa, musamman ga 'yan baya da masu tsaron raga, mai jinkirin nuna sau da yawa shi ke daɗewa.

Abin da ke gaba

Radim Rulik, kocin da ya kai yaran Halifax wasan ƙarshe, shi aka ba babbar tawaga a 2023. A watan Mayun 2024 gasar duniya ta zo Prag da Ostrava, 'yan kallo kusan dubu 800 suka shiga filaye, adadin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. A wasan ƙarshe 'yan Cek suka doke Suwizalan da ci 2 da nema. Pastrnak ya ci na farko, Dostal ya hana komai shiga ragarsa, kyaftin kuwa Roman Cervenka ne mai shekara 38. A cikin 'yan bayan tawagar akwai David Spacek, ɗaya daga cikin yaran Halifax, wanda mahaifinsa Jaroslav ya ci zinare a Nagano. Igiyar da aka ji tsoron ta tsinke, a ranar an ga ta haɗu.

'Yan mata ma sun shigo da ƙarfinsu. Babbar tawagarsu ta ci tagulla ta duniya a 2022 da 2023, 'yan ƙasa da 18 suka ci azurfa a 2024, sannan a 2025 Kristyna Kaltounkova ce aka fara ɗauka a zaɓen gasar ƙwararrun mata ta Arewacin Amurka. Yawancinsu tare da maza suka taso suna wasa, domin ƙananan garuruwa ba su da kulob na mata.

Amma lambobin yabo na iya rufe ido, kamar yadda na Nagano suka yi. Tawagar matasa mutum ashirin da 'yan kai ce, ana iya tara su daga Kanada da Suwidin da Brno a yi nasara ko da tushe na rawa. Ainihin ma'aunin yana can ƙasa. Yara nawa ne ke sa takalmi a karon farko kowace kaka? Nawa ne ke dainawa suna 13 don kuɗi ya gaza? Lokacin da farashin wuta da gas ya yi tashin gwauron zabo a Turai a 2022, ƙananan garuruwa ne suka fi jin jiki wajen riƙe filayensu, alhali daga irin waɗannan garuruwa, Litvinov da Havirov da Kladno, zakarun suka fito. Jagr da kansa ya san haka. Bayan ya tara maki 1,921 a NHL, wanda Wayne Gretzky kaɗai ya fi shi, ya koma Kladno yana riƙe da kulob ɗin garinsu, yana ta wasa har ya haura shekara 50 don kujeru su cika, masu tallafi su zauna.

Ƙasar Cek ba ta taɓa rasa yara masu baiwa ba, ko a shekarun farin nan. Abin da ta rasa shi ne hanyar da za ta kai su. Yau hanyar ta fi ta shekara 15 da suka wuce kyau, kuma samarin da ke fitowa sun nuna suna iya tsayawa gaban kowa. Sauran aiki guda biyu ne, kuma dukkansu a hannun manya suke: ƙofar fili ta zauna a buɗe ga ɗan mai ƙaramin ƙarfi kamar yadda take a zamanin kakanninsa, sannan ɗan shekara 18 ya samu mintinsa a kan ƙanƙara a gidansu, ba sai ya tsallaka teku ba. Idan aka riƙe waɗannan biyun, ƙasar ba za ta sake jiran shekara 18 ba.